Yadda Za Ka Gwada, Ka Kuma Lissafa, Cewa Haske Ƙwaya-Ƙwaya Yake Zuwa

Tambayoyi biyu ne ɗalibai ke yawan cakuɗawa idan aka zo maganar haske da ƙarfe. Ta farko ita ce, haske nawa ne ya sauka a kan ƙarfen? Ta biyu kuwa, kowace ƙwaya ta wannan hasken makamashi nawa take ɗauke da shi? Wanda ya iya raba tambayoyin nan ya gama rabin aikin, domin duk abin da ke tafe, daga farantin tutiya da za ka goge da hannunka har zuwa hasken eksire da ke karkacewa a cikin girafait (kabon ɗin da ke cikin bakin fensir), a kan wannan rabewar ya tsaya. Ƙwayar hasken ita ake kira foton, sunan da Gilbert Lewis ya kawo a 1926, shekara 21 bayan Albert Einstein ya ce haske a dunƙule-dunƙule yake miƙa makamashinsa.

Mataki na farko: riƙe lissafi ɗaya a ka

Makamashin foton ɗaya shi ne E = hf. Harafin f yawan kaɗawar hasken ne a daƙiƙa guda, h kuma lambar Planck ce, 6.626 × 10⁻³⁴ J·s, wadda Max Planck ya shigo da ita a 1900. Aiki da wannan ƙaramar lamba yana gajiyarwa, kuma a nan ake yawan ɓatar da sifili. Hanya mafi sauƙi ita ce ka auna tsawon taguwar hasken da nanomita (kashi ɗaya cikin biliyan na mita), ka raba 1240 da shi, amsar ta fito da eV, wato makamashin da ilektiron ɗaya, ƙaramar ƙwayar da ke ɗauke da cajin lantarki, ke samu idan ya ratsa bolt ɗaya.

Jan haske mai nanomita 650 yana ba da eV 1.91. Kore mai 530 yana ba da 2.34. Shuɗin da ke bakin iyakar ganin ido, mai 400, yana ba da 3.10. Fitilar ultrabayolet ta kashe ƙwayoyin cuta, mai 254, tana ba da 4.88.

Kowane ƙarfe kuma yana da mafi ƙarancin makamashin da sai ilektiron ya samu kafin ya ɓalle daga fuskarsa. Wannan shi ne makamashin kuɓuta, ana rubuta shi da φ. Na siziyam kimanin eV 2.1 ne, na sodiyam kimanin 2.3, na tutiya kimanin 4.3, na jan ƙarfe kimanin 4.7. Na ce kimanin da gangan, saboda tsabtar fuskar ƙarfen tana ɗaga lambar ko ta sauke ta, kuma littattafai sukan saɓa da juna a lamba ta biyu.

Mataki na biyu: gwajin farantin tutiya

Wannan gwajin na Wilhelm Hallwachs ne, ya yi shi a 1888, shekara ɗaya bayan Heinrich Hertz ya lura a Karlsruhe cewa tartsatsin lantarki ya fi saurin tsallaka tazara idan hasken ultrabayolet ya sauka a wurin. A ganina babu gwajin da ya kai shi gamsarwa a wannan fanni, domin idonka ne shaida.

Abubuwan da za ka tanada: kwalbar gilashi mai murfin roba, guntuwar wayar jan ƙarfe mai kauri, siraran yanka biyu na takardar alminiyam, farantin tutiya kamar faɗin tafin hannu, soson ƙarfe ko takarda mai yashi ta goge katako, guntun bututun PVC, ƙyallen ulu, fitilar jan haske mai ƙarfi, fitilar ultrabayolet mai nanomita 254, da fallen gilashin taga.

Ka huda murfin, ka zura wayar, ka lanƙwasa ƙasanta ta zama ƙugiya. Ka rataya yankan alminiyam ɗin biyu a ƙugiyar, fuska da fuska, yadda za su yi lilo ba tare da sun taɓa jikin kwalbar ba. Ka maƙala farantin tutiyar a saman wayar, ƙarfe yana taɓa ƙarfe. Ka samu na'urar gano caji ke nan: idan caji ya hau ta, ganyayen biyu za su ture juna su buɗe.

Kafin ka kunna komai, ga gargaɗi. Hasken nanomita 254 yana ƙona ido da fata, kuma zafin ba ya bayyana nan take, sai bayan sa'o'i. Ka sa fitilar da kwalbar a cikin kwali, ka yanka taga a gefe ka rufe ta da gilashi, ta nan za ka riƙa leƙawa. Kada ka kalli fitilar kai tsaye, kada ka zura hannu tana kunne.

Yanzu ka goge farantin har ya yi ƙyalli. Wannan gugar ita ce ruhin gwajin. Tutiya tana yin wata siririyar tsatsa da zarar ta sha iska, kuma tsatsar tana hana ilektiron fita. Ka goge dab da lokacin gwaji, kada ka bar shi ya kwana. Sai ka cuɗa bututun PVC da ulu, ka shafa shi a gefen farantin sau biyu ko uku. Ganyayen za su buɗe kamar harafin V a kife. Cajin da ke kansu negatif ne, ma'ana ilektiron sun yi yawa.

Ka jira minti ɗaya ba tare da wani haske na musamman ba. Idan ganyayen suka rufe da kansu, akwai laima a iska ko datti a murfin, sai ka busar da kwalbar ka sake. Idan suka tsaya, ka haska farantin da jan haske. Ka matso da fitilar, ka ƙara wata, ka daɗe. Ganyayen ko gezau. Ka kashe, ka rufe kwalin, ka kunna ta ultrabayolet. Kana kallo za su fara sauka a hankali har su haɗe. Ka sake caji, ka sake gwadawa, amma wannan karon ka gitta fallen gilashi tsakanin fitilar da farantin. Shuɗin hasken fitilar yana ratsa gilashin, kana ganinsa a kan farantin, amma ganyayen sun tsaya cik, saboda gilashin taga yana shanye hasken da ya gaza kimanin nanomita 300.

Saura gwaji ɗaya da mutane ke tsallakewa, alhali shi ke toshe bakin mai musu. Ka ba na'urar caji fozitif. Ka kawo bututun kusa da farantin ba tare da ya taɓa ba, ka taɓa farantin da yatsa, ka ɗauke yatsan, sannan ka janye bututun. Ganyayen za su buɗe, amma yanzu ilektiron ne suka yi ƙaranci. Ka kunna ultrabayolet ɗin. Ba za su sauka kamar ɗazu ba, domin duk ilektiron da ya ɓalle, cajin farantin yana janyo shi ya dawo. Wannan ya nuna abin da ke fita daga ƙarfen caji negatif gare shi, kuma J. J. Thomson ya tabbatar a 1899 cewa ilektiron ne. Ka lura, idan gwajinka na farko ya ƙi ci, sau da yawa dalilin shi ne ka yi irin wannan cajin na yatsa ba da sani ba.

Mataki na uku: fassara abin da ka gani da lambobi

Ka ɗauki foton ɗaya, ka tambaye shi abin da yake ɗauke da shi. Na jan haske eV 1.91 ne, tutiya kuwa 4.3 take nema. Bai kai ba. Ƙaramar fitilar leza mai miliwat ɗaya tana fesa foton kusan 3.3 × 10¹⁵ a daƙiƙa guda, amma kowannensu shi kaɗai yake haɗuwa da ilektiron, kuma kowannensu ya gaza. Mutum dubu da kowannensu ke iya tsallen mita ɗaya ba za su haye katangar mita biyu ba, komai yawansu.

Foton na nanomita 254 kuwa yana da 4.88. Ƙa'idar Einstein ta 1905 ta ce K = hf − φ, inda K shi ne makamashin gudu na ilektiron mafi sauri. A nan 4.88 − 4.3 ya ba da eV 0.58. Idan kana son saurinsa, ka mayar da wannan zuwa jul (J, ma'aunin makamashi) ta hanyar ninkawa da 1.6 × 10⁻¹⁹, ka sa a cikin K = ½mv² da nauyin ilektiron 9.11 × 10⁻³¹ kg, za ka samu kusan kilomita 450 a daƙiƙa. Ka kula da kalmar “mafi sauri”. Ilektiron da ya taso daga ɗan zurfi yana zubar da wani abu a hanya, don haka yawancinsu da ƙasa da 0.58 suke fitowa.

Iyakar tsawon taguwa kuma tana fitowa idan ka raba 1240 da φ. Ta tutiya nanomita 288 ce. Wannan ya bayyana abin da ya sa gilashi ya tsayar da gwajin, ya kuma bayyana abin da ya sa baƙar fitilar ultrabayolet mai nanomita 365 ba ta yin aikin: eV 3.40 kawai take da shi.

Akwai wani lissafi da nake so kowane ɗalibi ya yi da hannunsa ko sau ɗaya. A ce haske taguwa ce shimfiɗaɗɗiya da ke zuba makamashi daidai wa daida a ko'ina. Ka ɗauki raunanan haske mai wat 0.01 a kan kowace murabba'in mita. Faɗin fuskar atom ɗaya kimanin 3 × 10⁻²⁰ m² ne, don haka abin da zai riƙa tarawa a daƙiƙa shi ne jul 3 × 10⁻²². Sodiyam yana buƙatar eV 2.3, wato jul 3.7 × 10⁻¹⁹. Ka raba, za ka ga sai an jira kusan minti 20 kafin ilektiron na farko ya fito. Ernest Lawrence da Jesse Beams sun auna wannan jinkiri a 1928, suka tarar bai wuce 'yan nanosakan ba, wato 'yan kashi cikin biliyan na daƙiƙa.

Mataki na huɗu: auna lambar Planck

Wannan yana buƙatar kayan ɗakin gwaji: kwalbar gilashi mai jin haske wadda aka zuƙe iskarta, mai faranti mai fitar da ilektiron da zobe mai karɓa, da fitilar makyuri da matatan launi, da ma'aunin kwararar lantarki mai jin nanoamfiya, da batir mai abin ƙara boltej da ragewa.

Ka haɗa batirin a juye, yadda zoben zai zama negatif yana korar ilektiron. Ka saki launi ɗaya, ka riƙa ƙara boltej a hankali har kwararar ta koma sifili. Wannan shi ne boltej na tsayarwa, V, kuma idan ka ninka shi da cajin ilektiron, e, za ka samu K. Ka yi haka ga kowane launi da fitilar makyuri ke fitarwa. Idan aka ɗauka φ eV 2.1 ne, abin da lissafi ke bayarwa shi ne bolt 0.17 a nanomita 546, da 0.74 a 436, da 0.96 a 405, da 1.30 a 365.

Ka zana V a tsaye, f a kwance. Layin zai fito miƙaƙƙe, kuma gangararsa ita ce h/e. Ka gwada da ɗigo biyu na gefe: yawan kaɗawarsu 5.49 × 10¹⁴ da 8.22 × 10¹⁴ ne, bambancin boltej kuma 1.13. Ka raba 1.13 da 2.73 × 10¹⁴, ka ninka da cajin ilektiron 1.602 × 10⁻¹⁹, ga 6.63 × 10⁻³⁴ nan.

Sannan ka tsaya a launi ɗaya, ka rage yawan hasken da rabi. Kwararar za ta ragu da rabi, boltej na tsayarwa kuwa yana nan inda yake. Philipp Lenard ne ya fara ganin haka a 1902, kuma a nan tambayoyin nan biyu suka rabu a fili: yawan haske shi ke yanke yawan ilektiron, launi shi ke yanke gudunsu.

Abu biyu ke ɓata wannan awo. Idan haske ya sauka a kan zoben, shi ma sai ya fitar da nasa ilektiron ta ɗaya ɓangaren, kwararar ta kai sifili da wuri, don haka ka matse ƙofar hasken yadda farantin kaɗai zai samu. Na biyu, kada ka amince da inda layin ya yanki gatarin tsaye ka ce ka samu φ na farantin. Saboda bambancin boltej da ke tsakanin ƙarafa biyu mabambanta a da'ira ɗaya, wannan mahaɗar ta fi nuna halin zoben. Gangarar ce abin dogaro. Robert Millikan ya sha fama da irin waɗannan matsaloli a Jami'ar Chicago, har ya ƙera wuƙar da ke kankare fuskar sodiyam da litiyam a cikin kwalbar da babu iska. A 1916 ya fitar da 6.57 × 10⁻³⁴. Duk da awonsa ya gaskata ƙa'idar Einstein, shi kansa bai yarda da batun ƙwayar haske ba a lokacin, kuma ina ganin wannan ya ƙara wa awon daraja, tunda ba abin da yake fata ya samu ba ne. An ba Einstein kyautar Nobel ta 1921 saboda wannan ƙa'ida, Millikan kuma ta 1923.

Mataki na biyar: lissafin karon Compton

A gwajin tutiya foton yana mutuwa gaba ɗaya, ya miƙa duk abin da yake da shi. Akwai kuma inda yake karo da ilektiron, ya bar masa wani kaso, ya karkace ya wuce. Don fahimtar wannan sai ka ba foton ƙarfin tunkuɗa, p = h/λ, inda λ tsawon taguwa ne, ko da yake foton ɗin ba shi da nauyi.

Arthur Compton ya wallafa sakamakonsa a 1923, daga aikin da ya yi a Jami'ar Washington da ke St. Louis. Ya harba hasken eksire na molibdenam, mai tsawon taguwa nanomita 0.071, a kan girafait, ya auna abin da ya watsu ta kusurwoyi daban-daban. Da taguwa ce zalla, da ilektiron ya kaɗa daidai da kaɗawar hasken da ya shigo, ya sake fitar da irinsa. Abin da ya gani shi ne tsawon taguwar yana ƙaruwa, kuma ƙarin ya danganta da kusurwa kaɗai:

Δλ = (h/mc)(1 − cos θ)

A nan Δλ shi ne ƙarin tsawon taguwa, θ kusurwar karkacewa, m nauyin ilektiron, c kuma gudun haske. Wannan ya fito ne daga sharuɗɗa biyu, kiyaye makamashi da kiyaye ƙarfin tunkuɗa, tsakanin foton ɗaya da ilektiron ɗaya. Peter Debye ma ya fitar da shi a shekarar, shi kaɗai. Adadin h/mc pikomita 2.43 ne, pikomita kuwa kashi ɗaya ce cikin dubu na nanomita.

Ga yadda za ka bi. Ka fara da kusurwa. A digiri 90, cos θ sifili ne, ƙarin ya zama pikomita 2.43. A digiri 180 ya ninka ya zama 4.86, kuma ba ya wuce nan. Sai ka haɗa ƙarin da tsawon farko: 71 da 2.43 sun ba da pikomita 73.43. Ka mayar da su nanomita, sannan makamashi da lissafin 1240: na farko keV 17.5 (keV ɗaya eV dubu ne), na biyu keV 16.9. Bambancin, kimanin keV 0.6, shi ilektiron ya tafi da shi. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne a ɗauki Δλ kaɗai a raba 1240 da shi a ce an samu makamashin ilektiron. Sai ka lissafa makamashin foton kafin karo da bayan karo, sannan ka ɗebe.

Idan da makamashi aka ba ka tambayar, ka yi amfani da E′ = E / [1 + (E/511)(1 − cos θ)], komai da keV, inda 511 shi ne mc² na ilektiron. Siziyam-137 yana fitar da hasken gamma mai keV 662. A digiri 90 foton ɗin zai fita da 288. A digiri 180 zai dawo da 184, ilektiron ya ɗauki kusan 478. Duk wanda ya taɓa duba zanen awon wannan sinadari a na'urar ƙirga gamma ya san tudun da ke 662, da gaɓar da ke yankewa kusa da 478, da ɗan ƙaramin tudu kusa da 184. Lissafin nan uku ne a zane.

Me ya sa ba a ganin wannan da hasken fitila? Ƙarin pikomita 2.43 a kan 71 ya haura kashi 3 cikin 100, amma a kan koren haske mai nanomita 530 bai kai kashi 5 cikin miliyan ba. Ban da tudun hasken da tsawonsa ya ƙaru, akwai kuma tudu na biyu a zanen awon Compton wanda bai gusa ba sam. Wannan na foton ne da suka yi karo da ilektiron da ke ɗaure tamau, yadda atom ɗin ne gaba ɗaya ya karɓi tunkuɗar. Atom ɗin kabon ya ninka ilektiron nauyi kusan sau 22,000, ka sa wannan a gurbin m, ƙarin ya ɓace. A 1925 Walther Bothe da Hans Geiger suka nuna cewa foton ɗin da ya karkace da ilektiron ɗin da aka tunkuɗa a lokaci guda suke bayyana, karo bayan karo. Compton ya samu Nobel a 1927.

Mataki na shida: gane wanne ne ke faruwa

Ka kwatanta makamashin foton da abu biyu: ƙarfin ɗaurin ilektiron, da keV 511. Idan ya gaza ɗaurin, foton yana watsuwa ne ba tare da sauya launi ba. Wannan ce watsuwar Rayleigh, mai tafiya da 1/λ⁴, wadda ta sa ƙwayoyin iska ke watsa shuɗi mai nanomita 450 kusan sau 6 fiye da ja mai 700. Idan ya ɗan haura ɗaurin, shanyewa gaba ɗaya ce ke rinjaye, musamman a atom masu nauyi. Shi ya sa dalma mai lambar atom 82 ke tare eksire, kuma ƙashi mai kalsiyam ke fitowa fari a hoto. A tsokar jiki, daga kimanin keV 30 zuwa sama, karon Compton ne ke karɓar ragama. Daga MeV 1.022 (MeV ɗaya eV miliyan ne) kuma foton na iya rikiɗa ya zama ilektiron da fozitiron, takwaransa mai caji fozitif, kusa da cibiyar atom. Ilektiron da ke sake, wanda ba ya ɗaure da komai, ba zai iya shanye foton gaba ɗaya ba, domin sharuɗɗan kiyayewa biyun ba za su cika tare ba. Dole a samu atom ko ƙarfe da zai karɓi ragowar tunkuɗar.

Mataki na bakwai: san iyakar hujjarka

Idan za ka rubuta rahoton gwajin tutiya, ka rubuta cewa makamashi yana wucewa daga haske zuwa ƙarfe a dunƙulen hf. Wannan ka gani, ka kuma auna. Kada ka zarce ka ce ka tabbatar haske 'yan duwatsu ne masu tashi. Willis Lamb da Marlan Scully sun nuna a 1969 cewa idan aka bi ilektiron ɗin ƙarfe da ƙa'idar kwantam, wadda ke bayanin halin ƙananan ƙwayoyi irin su atom da ilektiron, aka bar hasken a matsayin taguwa, iyakar launi da ƙa'idar Einstein da rashin jinkiri duk suna fitowa. Ina ganin ɗalibi ya cancanci a gaya masa wannan tun farko.

Hujjar da taguwa zalla ta kasa ɗauka ta zo ne daga baya. A 1977, a Rochester, Kimble da Dagenais da Mandel sun nuna atom ɗaya yana sakin foton ɗaya bayan ɗaya, da tazara a tsakani. A 1986, a Orsay ta Faransa, Grangier da Roger da Aspect suka aika foton ɗaiɗai zuwa madubin da ke barin rabin haske ya wuce ya mayar da rabi, suka ajiye na'urar ganowa a kowane ɓangare. Taguwa da ta rabu biyu za ta riƙa tayar da na'urorin tare. Abin da suka samu shi ne ko wannan ta amsa ko waccan, amsawa tare kuwa ta yi ƙasa ƙwarai da mafi ƙarancin abin da taguwa za ta iya bayarwa. Sai suka cire na'urorin daga nan, suka sake haɗa hanyoyin biyu a madubi na biyu, da tushen hasken nan dai. Da suka riƙa sauya tsawon hanya ɗaya kaɗan-kaɗan, ƙirgar foton a kowace mafita ta riƙa hawa da sauka, irin na taguwa biyu masu ƙarfafa juna da soke juna, kuma tsabtar wannan hawa da sauka ta kai kashi 98 cikin 100.